DAMBEN ZAMANI: YADDA AKE ZAƁEN SAFAR HANNU DON DUKAN BUHU

Kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. A garuruwan Tondikandiya da na Kurfai, daga Damana har Filinge, yanzu ne samari suke samun sararin wasa. Kokowa ita ce a gaba. Dambe ma an san shi tun kaka da kakanni. Amma akwai wani wasa da samari suka fara sha'awa, shi ne damben zamani, wanda waɗansu ke kira damben Turawa.

Waɗansu sun gan shi wurin ci-rani, a Yamai ko Kwatano ko Abijan. Waɗansu kuma cikin telebijin ko salula suka gani. Da sun komo gida sai su cika buhu da rairayi, su rataye shi ga reshen itace, su yi ta duka da hannu tsirara. Bayan kwana kaɗan hannu ya kumbura, ko fata ta saluɓe, ko ƙashi ya karye.

Hannu shi ne jarin manomi. Da shi ake riƙe hauya, da shi ake jan guga, da shi ake ɗaure dami. Don haka duk saurayin da yake son wannan wasa ya kamata ya san yadda zai tsare hannunsa tun ranar farko. Abu uku ne ke tsare shi: safar dambe mai kyau, ƙyallen naɗi, da buhun da aka cika daidai.

DAMBE IRI BIYU NE

Damben gargajiya na ƙasar Hausa da hannu ɗaya ake yin sa. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma da igiya, abin da ake kira kara. Wannan hannu shi ne mashi. Ɗayan hannun a buɗe yake, shi ne garkuwa. Can da, mahauta ne suka fi shahara da wannan wasa, suna yawo gari gari bayan kaka.

Damben zamani kuwa da hannu biyu ake yin sa, kowane hannu cikin safa mai laushi. A Ingila aka tsara dokokinsa, aka buga su cikin shekara ta 1867. Dokokin nan su ne suka ce sai da safa za a yi dambe. Su ne kuma suka ce kowane turmi minti 3 ne, sannan a huta minti 1.

Wannan wasa ba baƙo ba ne ga Nijar. Isaka Dabore, ɗan jahar Tilaberi, haifaffen Dingazi cikin ƙasar Walam, ya je manyan wasannin duniya na Olimpik har sau uku: a 1964, da 1968, da 1972. A zuwansa na uku, a birnin Munik na ƙasar Jamus, ya ci lambar tagulla cikin rukunin masu nauyin kilo 63 da rabi. Ita ce lambar Olimpik ta farko da Nijar ta samu. Sai bayan shekara 44, cikin 2016, Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo ta biyu, ta azurfa, a wasan tekwando. Isaka Dabore ya rasu cikin watan Disamba na 2021.

Abin lura a nan shi ne, aikin kara daban, aikin safa daban. Kara yana sa dunƙule ya yi tauri don ya kada abokin karawa. Safa kuwa tana tausasa duka. Wanda ya ɗaura kara ya tasam ma buhu mai nauyi, duk ƙarfin dukan cikin ƙashinsa zai koma.

ABIN DA KE CIKIN HANNU

Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27. Guda 8 suna ga wuyan hannu, ƙanana ne kamar tsakuwa. Guda 5 suna cikin tafin hannu, dogaye ne sirara. Sauran 14 suna cikin yatsu. Jijiyoyi ne ke haɗa su duka.

An halicci hannu don riƙo da aiki. Ƙasusuwansa ba su da kauri kamar na ƙafa. In mutum ya kai naushi, ƙarfin ƙafarsa da na ƙugunsa da na kafaɗarsa duka suna taruwa bisa waɗannan ƙananan ƙasusuwa. Mai koyo kuma yakan kai naushi ɗari ko fiye a zama guda.

Ƙashin da ya fi karyewa shi ne na cikin tafin hannu da ke bayan ƙaramin yatsa. Likitoci suna ce da wannan karaya karayar ɗan dambe. Tana faruwa in naushi ya sauka a karkace, ta gefen ƙaramin yatsa. Kafin ƙashin ya haɗe sai an yi sati 4 zuwa 6, kuma ƙarfin riƙo ba ya komowa nan da nan.

Sai a yi lissafi. Damina a wannan yanki wata uku ce ko kaɗan fiye. Sati 6 wata ɗaya da rabi ke nan. Saurayin da ya karya hannu gab da saukar ruwa ya rasa shuka, ya rasa noman farko. Gidansu ya rasa ma'aikaci ɗaya a lokacin da aka fi bukatarsa.

AMFANIN SAFA

Safar dambe tana aiki uku. Na farko, soson da ke cikinta yana shanye kashi mai yawa na ƙarfin duka, kuma yana baza shi bisa dukan dunƙule. Na biyu, bakinta yana riƙe wuyan hannu kada ya lanƙwashe. Na uku, tana hana fata saluɓewa.

Amma akwai abin da safa ba ta yi. Ba ta tsare ƙwaƙwalwar wanda aka doka a kai. Naushi da safa yana girgiza kai kamar yadda naushi ba safa yake yi. Don haka samun safa ba dalili ba ne na samari su riƙa dukan juna a kai. Mai koyo ya tsaya ga buhu. Karawa da mutum sai a gaban malamin wasa wanda ya san aikin, da robar tsare haƙora a baki.

SAFA IRI IRI CE

A kasuwa ana samun safa iri huɗu ko biyar. Ga su:

1. Safar horo. Ita ce mai soso mai kauri kuma mai ɗan tauri. Tana jure dukan buhu kullum. Wannan ita ce ta mai koyo.

2. Safar karawa. Babba ce, sosonta yana da taushi ƙwarai don kada a ji wa abokin horo ciwo. In aka riƙa dukan buhu da ita, soson yana saurin mutuwa.

3. Safar gasa. Ƙarama ce, marar nauyi. Ranar gasa kaɗai ake sa ta.

4. Siririyar safar buhu. Kamar jaka take, sosonta kaɗan ne, ba ta riƙe wuyan hannu. Ta gwanaye ce waɗanda hannunsu ya saba.

5. Safa mai yatsu a waje. Ta wani wasa ce dabam, inda ake haɗa dambe da kokowa. Ba ta isa tsare hannun mai koyo ba.

Safar masu babur, da ta magina, da ta sanyi, duk ba safar dambe ba ne. Ba su da soso bisa dunƙule.

LAMBAR DA KE JIKIN SAFA

Kowace safa tana da lamba a rubuce ga wuyanta ko cikin bakinta. Ana ganin 8, ko 10, ko 12, ko 14, ko 16, sannan haruffa biyu: oz. Ma'anarsu oza, wani ma'aunin nauyi na Ingila. Oza 1 ta fi garam 28 da kaɗan. Ga lissafin:

Oza 8 wajen garam 227 ne.
Oza 10 wajen garam 283 ne.
Oza 12 wajen garam 340 ne.
Oza 14 wajen garam 397 ne.
Oza 16 wajen garam 454 ne, kusan rabin kilo.

Wannan nauyin safa ɗaya ne, ta hannu guda. Yawanci in lamba ta ƙaru, soso ya ƙaru. In soso ya ƙaru, hannu ya ƙara samun tsaro.

Mutum mai nauyi ya fi ƙarfin naushi, saboda haka ya fi bukatar soso. Don haka mai saye ya fara sanin nauyin jikinsa. Ana iya aunawa a gidan likita, ko bisa sikelin masu sayen hatsi. Ga abin da masu koyar da wasan suka saba ba da shawara don dukan buhu:

Wanda bai kai kilo 55 ba, oza 10 ko 12.
Mai kilo 55 zuwa 70, oza 12 ko 14.
Wanda ya haura kilo 70, oza 14 ko 16.

Wanda yake shakka tsakanin lamba biyu ya ɗauki babbar. Da fari za ta gajiyar da kafaɗa, amma kafaɗa tana sabawa cikin sati biyu ko uku. Yara ƙanana suna da tasu safa, ta oza 6 ko 8. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, don haka ba a barin sa ga buhu mai nauyi. Nasa buhu ya zama ƙarami mai taushi, kuma da babba a kusa.

ABIN DA ZA A DUBA A KASUWA

Ba kasafai ake samun safar dambe a kasuwannin ƙauye ba. A Yamai aka fi samun ta, wurin masu sayar da kayan wasa, da wurin masu bosho. Tafiyar da nisa, kuma kuɗin mota ba kaɗan ba ne. In an sayo marar kyau, komawa da wuya. Saboda haka a duba da kyau kafin a biya.

Soso. A danna bisa dunƙulen safa da babban yatsa. Soso mai kyau yana nutsewa kaɗan, kuma da an saki sai ya komo. In ya lotsa ya tsaya, ya mutu. In aka sa hannu aka danna, aka ji gaɓoɓin yatsu daga waje, safar ba ta da sauran amfani. In an ji soson ya farfashe gutsu gutsu a ciki, ita ma a bar ta.

Fata. Akwai ta fatar saniya ko akuya, akwai ta roba mai kama da fata. Ta fata ta fi tsada, ta fi ƙarko, kuma ta fi jure zafi. Ta roba ta fi araha, amma a ƙasa mai zafin rana tana saurin tsagewa da ɓarewa. In kuɗi bai kai ba, ta roba mai soso mai rai ta fi ta fata mai mataccen soso.

Ɗinki. A ja bakin safa da gindin babban yatsa a gani. In zare yana buɗewa, ba za ta daɗe ba. Baduku yana iya gyara ɗinkin da ya ɓalle, amma ba ya iya raya soson da ya mutu.

Babban yatsa. A safa mai kyau, gidan babban yatsa a ɗinke yake da jikin safa. Wannan yana hana yatsan lanƙwashewa baya in naushi ya goce.

Maɗauri. Iri biyu ne. Akwai mai igiya kamar ta takalmi. Yana ɗaurewa tam, amma sai wani ya ɗaura wa mutum. Akwai kuma mai mannewa, wanda ke kamawa kamar ƙarangiya. Hasali ma wanda ya ƙago shi, wani mutumin ƙasar Suwis, irin wannan ƙaya ya gani tana manne wa tufafinsa da gashin karensa, ya kwaikwaya. Mai mannewa ya fi dacewa da mai koyo, don shi kaɗai zai iya sawa ya cire. Maɗaurin ya zama mai faɗi, ya zagaye wuyan hannu duka. A gwada a gani ko har yanzu yana kamawa.

Gwaji. A gwada safa da ƙyallen naɗi a hannu, don naɗi yana ƙara wa hannu kauri. Kan yatsu su kusa taɓa ƙarshen safa ba tare da sun takure ba. A dunƙule hannu a ji ko yana rufewa ba wahala. Kada hannu ya riƙa yawo a ciki. A gwada ta dama, a gwada ta hagu, a kuma tabbata lambarsu ɗaya ce. Wurin masu bosho akan sami safa biyu masu kama da juna alhali nauyinsu ya bambanta.

Wanda zai yi saƙo ya rubuta wa ɗan saƙon lambar da yake so bisa takarda. Ya kuma gaya masa yadda ake danna soso. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a jikin safa ba shi ne shaida ba, don jabu sun yi yawa. Araha ba ta ado.

In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, samari huɗu ko biyar masu kusan nauyi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi safa mai kyau, su riƙa karɓa-karɓa. Amma kowa ya sami ƙyallen naɗi nasa na kansa. Ta gumi da gogayya ake ɗaukar ciwon fata irin su makero.

ƘYALLEN NAƊI

Safa ba ta wadatar ba sai da naɗi. Naɗi shi ke tattara ƙananan ƙasusuwan nan wuri ɗaya, ya riƙe wuyan hannu, ya kuma shanye gumi.

Ƙyallen na auduga ne. Faɗinsa santimetir 5. Tsawonsa metir 3 ga mai ƙaramin hannu, metir 4 zuwa 4 da rabi ga mai babban hannu. Ana bukatar biyu, kowane hannu da nasa. In ba a samu na kanti ba, tela yana iya yi. A yanko shi a tsaye daga dogon yadi irin na rawani, don kada a yi haɗi a tsakiya. Haɗi yana zama ƙulli, ƙulli kuma yana cin fata. Tela ya kalmashe gefen, ya yi ƴar maɗauki ga baki ɗaya inda babban yatsa zai shiga.

Ga yadda ake naɗi:

1. A buɗe hannu, a ware yatsu. A sa babban yatsa cikin maɗauki, a ja ƙyalle ta bayan hannu.
2. A zagaya wuyan hannu sau 3.
3. A hau bisa gaɓoɓin dunƙule, a zagaya tafin hannu sau 3.
4. A komo wuyan hannu, sannan a ratsa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowace ratsawa a komo wuyan hannu.
5. A zagaya gindin babban yatsa sau 1.
6. Abin da ya rage a ƙare shi ga wuyan hannu, a soke bakin ko a ɗaure.

In an gama a dunƙule hannu. Naɗi mai kyau yana matsewa in an dunƙule, yana sakewa in an buɗe. In yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko aka ji kamar tururuwa na tafiya cikinsu, naɗin ya matse da yawa. A kwance a sake.

BUHUN DUKA

Safa komai kyanta ba ta jure buhun da ya yi tauri kamar dutse. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika buhu da rairayi zalla. Rairayi yana gangarawa ƙasa ya cushe. In ya sha raɓa ko ruwa, sai ya zama kamar bango.

Abin da ya fi kyau shi ne tsummoki. A yayyanka tsofaffin tufafi ƙanana, a cire maɓallai da duk wani ƙarfe, a riƙa zubawa ana dannawa da taɓarya. Ragowar ƙyallaye na wurin tela suna da kyau ƙwarai. Ana iya haɗawa da ƙaiƙayi ko garin katako. In ana son ƙarin nauyi, a ƙulla rairayi cikin ƙananan jakunkuna, a sa su tsakiyar buhu, tsummoki su kewaye su ta ko'ina.

Nauyin buhu kada ya wuce rabin nauyin mai dukansa. Mai kilo 60, buhun kilo 25 zuwa 30 ya ishe shi. Tsawonsa wajen metir 1. Buhun hatsi na leda yana da kaushi, yana cin safa. A sa buhu biyu, ɗaya cikin ɗaya, sannan a rufe da tampol ko yadi mai kauri. Wanda yake da hali, baduku ya ɗinka masa na fata.

A rataye shi da igiya mai ƙarfi ga reshe mai kauri kuma ɗanye, yadda tsakiyar buhu za ta yi daidai da ƙirjin mai duka. A sa tsohuwar robar taya tsakanin igiya da reshe don kada itacen ya ji ciwo. Ba a rataye buhu ga azarar ɗaki ko ga rumfa. Girgiza tana iya kada rufi. A share wurin, a kawar da ƙaya da duwatsu, a kuma hana yara ƙanana tsayawa kusa.

YADDA AKE FARAWA

Kafin a taɓa buhu a motsa jiki minti 10: ɗan gudu, tsalle, juya kafaɗu da wuyan hannu.

A dunƙule hannu daidai. Yatsu huɗu a ciki, babban yatsa a waje bisa kansu. Naushi ya sauka bisa gaɓoɓi biyu na farko, wato na manuni da na dogon yatsa. Su ne masu ƙarfi. Wuyan hannu ya miƙe sak da damtse, kada ya karkata sama ko ƙasa.

Cikin wata na farko a yi duka da rabin ƙarfi kaɗai. Turmi 3 sun isa, kowane minti 2, da hutun minti 1 a tsakani. Sau 2 ko 3 cikin sati, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. Tsoka tana saurin ƙarfi, amma ƙashi da jijiya a hankali suke sabawa. Sannu ba ta hana zuwa.

A yi horo da sassafe ko da marece. Cikin bazara zafi yana haura digiri 40, don haka a guji tsakar rana, a kuma sha ruwa kafin horo da bayansa. In damina ta kusa, a rage dukan buhu. Aikin gona ya isa horo.

KULA DA KAYA

Bayan horo a buɗe bakin safa, a goge cikinta da busasshen tsumma, a rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana busar da fata ta tsage, tana kuma kashe soso. Ba a jiƙa safa cikin ruwa. Ba a kuma ƙulle ta cikin leda da gumi a ciki, don sai ta yi wari ta ruɓe.

Lokacin hunturu, safar fata tana son ɗan mai kaɗan. A shafa man kaɗanya ƙanƙane a waje, a goge. A ajiye ta sama, nesa da gara da ɓeraye. Ƙyallen naɗi kuwa a wanke shi da sabulu bayan kowane horo, a shanya, a naɗe.

Kowane wata a sake danna soson a gani. Ranar da aka fara jin buhu bisa ƙashi, safar ta gama aikinta.

IN CIWO YA SAMU

Gajiyar kafaɗa da damtse ba komai ba ce, tana wucewa. Amma akwai alamun da ba a wasa da su: hannu ya kumbura nan take; gaɓar dunƙule ta nutse ba a ganin ta; yatsa ya karkace ko ya hau bisa ɗan uwansa in an dunƙule; ko ciwon wuyan hannu, musamman ga gindin babban yatsa, ya ƙi tafiya bayan kwana biyu ko uku.

In an ga ɗaya daga cikinsu a bar duka nan take. A cire zobe tun kumburi bai hana ba. A sa tsumma mai ruwan sanyi, a ɗaga hannu sama, a tafi gidan likita mafi kusa. In likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi, a je babban asibiti kamar na Filinge ko na Yamai. Kada a bari kowa ya ja hannun ko ya murza shi kafin a san abin da ke ciki. Ƙashin da ya haɗe a karkace yana rage ƙarfin riƙo har iyakar rai.

ABIN DA ZA A RIƘE

Ba a dukan buhu da hannu tsirara, ba a kuma dukansa da kara.
Safar mai koyo ita ce safar horo, mai maɗauri mai mannewa.
Ga yawancin samari oza 12 ko 14 ta dace. Mai nauyi ya ɗauki 16.
A danna soso, a ja ɗinki, a gwada da naɗi kafin a biya.
Kowa da ƙyallen naɗinsa.
Buhu na tsummoki ne, nauyinsa kada ya wuce rabin nauyin mai duka.
Ciwon da ya zo da kumburi na likita ne.

Iyaye da shugabannin samari su taimaka wajen lura da waɗannan abubuwa. Saurayin da bai sami safa ba tukuna ya yi haƙuri da buhu. Yana iya gudu, da tsallen igiya, da kai naushi cikin iska don koyon tsayuwa da taku. Manyan ƴan dambe ma kullum suna yin haka. In safa ta samu, sai ya fara dukan buhu a hankali, yadda ruwan farko zai iske shi da hannu biyu lafiyayyu.